Kundin Baba Ilu

A shagonmu na Garwa, bayan tashar Yalwa,
inda tsatsa ke cin gwangwani, zafi na cin mutum,
akwai wani kundi a ƙarƙashin sikeli,
bangonsa ya sha baƙin mai har ya ƙoshi.
Baba Ilu ne ya cika shi da ajami
a shekarun da ya yi yana riƙe wa Etore fitila,
Ba'italiyen nan mai gyaran injin ruwa a bakin Binuwai,
wanda Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "kawo" ba.

Bakin Baba bai saba da cizon leɓe ba,
sai ya rubuta bite. Sukuru ke nan.
Ranar farko da Bature ya daka masa "Vite!"
ya kwasa da gudu,
don a Faransancin Garwa maza-maza ake nufi.
Sai da ya kai bakin titi yana haki
ya tuna bai san aiken da aka yi masa ba.

Dado, noti.
A gefen shafi ya ƙara da ƙaramin rubutu:
"Saura kaɗan ya zama Dada, kiran Bafillace ga uwarsa."
Bullone, ƙaton nan, mijin dado.
Kiyodo, ƙusa, ba ta jin magana sai da guduma.
Kacabite, sukudireba, wai maharbin sukuru.
Tasello, 'yar robar da ake cusa wa bango
don baƙon ƙarfe ya sami masauki.

Shekara goma sha ɗaya ban buɗe shi ba.
Masu saye na cewa bis, na cewa bulon,
wasu su ciro tsohon daga aljihu: "Ba ni irin wannan."

Jiya bayan la'asar waya ta yi ƙara.
Tanimu ne, autanmu, daga Biresha,
muryarsa na rawa kamar ƙyauren da ya rasa ƙusa ɗaya.
Maigidan gini ya aike shi feramenta,
ga shi tsaye gaban kanta, layi a bayansa,
Hausa, Fillanci, Faransanci duk suna bakinsa,
ba wanda zai saya masa sukuru.

Na ɗaga sikeli. Na hure ƙura.
Na bi rubutun Baba da yatsa, daga dama zuwa hagu,
ina karantawa, Tanimu na maimaitawa
kamar muna biya allo ta cikin teku.
Bite, guda hamsin. Tasello, lamba takwas.
Na jiyo tsohon mai kanti ya yi dariya,
sannan ƙarar aljihun tebur, sannan ƙarfe na zuba a takarda.
Sautin ɗaya ne da na shagonmu.

"Saura abu guda, Yaya. Zagayayye, siriri, mai huda,
kamar dalar da aka fafe."
Na juya shafi, mai ya cinye rabinsa.
Rondella.
A ƙasa Baba ya rubuta:
"Ba ta ɗaure komai.
Tana shiga tsakani ne, kada ƙarfe ya ji wa katako ciwo."

Kuɗin waya ya ƙare kafin in karanta masa wannan.

Da dare Inna ta tambaye ni ko yana cin abinci,
ko sanyin can ya kama masa ƙirji.
Na ce muryarsa garau, har dariya na ji.
Ban ce dariyar wa ba.

Yau na buɗe shago da wuri.
Wani kafinta ya sayi noti ashirin,
na ƙirga masa, na ƙara washa ashirin a kai.
Ya ce bai tambaya ba.
Na ce ka tafi da su, katakonka zai tambaya.